Mu da ke Amurka: buri ne ke sa Amurkawa gudu, ko bashi?

Ɗalibi a Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin in zo na ɗauka kowane Ba'amurke da gudu yake tashi neman kuɗi. Sai ga mai gyaran famfon gidan da nake haya, shekara 22 yana aiki ɗaya. An yi masa tayin shugabancin sashe ya ce a kai kasuwa, shi dai ƙarfe huɗu ta same shi bakin tafki da ƙugiyarsa. Ku da kuka daɗe, me kuka gani? Wadatar zuci ce ko mutuwar zuciya?

Direban babbar mota, Tekzas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Doka ta ba mu awa 11 na tuƙi, sannan dole a huta awa 10, kuma akwai na'ura a mota mai ƙirga maka, ba wayo. Ina da abokin aiki Bature da ba ya barin ko minti ɗaya a cikin awa 11 ɗin nan. Ya ci bashi ya sayi motar kansa, ya manna hoton 'yarsa kusa da sitiyari. Ranar da ta gama sakandare a waya ya kalli bikin, yana tashar manyan motoci a Oklahoma. Mutane na cewa mai himma ne. Ni dai a ganina banki ne ke tuƙa shi.

Ma'aikaciyar jinya, Merilan:
A'a Malam, kar mu rage musu. Wata da muke aiki tare da wanke marasa lafiya ta fara, ga yara biyu ba miji. Dare tana asibiti, rana tana kwalejin nan ta shekara biyu, littafinta kullum cikin aljihun rigar aiki, duk ya yi laushi don buɗawa. Tana da shekara 46 ta zama cikakkiyar nas. Abin da ya tsaya min a rai, ko mutum ɗaya bai ce mata karatu ya wuce ta ba.

Shi kuwa mai famfonka, kar ka yi saurin yanke masa hukunci. A nan inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a jikin aikinsu take, Medicare kuwa, wato inshorar lafiya ta gwamnati, galibi sai mutum ya kai shekara 65. Mai ciwon suga ba ya barin aiki da wasa, ko da ya gaji da shi.

Tsohon direban tasi, Bronx a birnin Niyok:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ku bar dattijo ya ce wani abu. Mu baƙi mun fi 'yan ƙasar ɗaukar wannan zance da zafi. A 2014 lambar izinin tasi mai ruwan ɗorawa ta Niyok ta haura dala miliyan 1, ana ta ce mana wanda ya mallake ta ya gama da talauci. Maƙwabcina ya ci bashi ya saya. Ni na ji tsoro, har ana min dariya a masallaci wai ba ni da zuciya. Da manhajojin kiran mota suka cika gari, lambar ta faɗi warwas, bashin kuwa yana nan daram. Ba wayo na yi ba, tsoro ne kawai, Allah ne ya rufa asiri.

Ɗalibi a Ohayo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Yau ya zo duba tukunyar ruwan zafi, na daure na tambaye shi. Ya yi dariya ya ciro biro, ya yi min lissafi a bayan kwali: yanzu duk awar da ta haura 40 a mako ana biyansa ninki ɗaya da rabi, shugaban sashe kuwa albashinsa tsayayye ne, ko an kira shi tsakar dare ba ƙarin ko sisi. Lokacin sanyi da bututu ke fashewa, wai har ya fi ogansa kwasa.

Ya ce in shirya ranar Asabar mu je tafkin, yana da ƙugiya ta biyu.