Tambaya kan tsofaffin jiragen ruwa masu filafilai

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Mu a Damagaram ayarin raƙuma muka sani, amma tun da na ga hoton jirgin Belem ɗauke da wutar gasar Olimfik zuwa Marsai ta Faransa a 2024, abin ya tsaya mini a rai. Shin irin waɗannan jirage suna aiki har yanzu?

Malamar tarihi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. An ƙera Belem a Nant ta Faransa a 1896, kuma koko yake ɗaukowa daga Barazil. Yanzu masu sha'awa ne ke biyan kuɗi su yi kwanaki a cikinsa suna koyon jan igiya. Cutty Sark kuwa, wanda aka ƙera a 1869 don jigilar ganyen shayi daga Sin, yana ajiye a Landan. A shekarar 1869 ɗin ce aka buɗe mashigin Suwez, hanyar da ta gajarta tafiya ga jirage masu inji.

Dattijo daga Zango:
Ɗana, na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya daga Kwatano, ƙarar inji ba ta barin kunnena ko cikin barci. Da na samu hutu a Zanzibar, na shiga ƙaramin jirgin katako mai filafili ɗaya. Matuƙin ya saki igiya, iska ta cika ƙyallen, ban ji komai ba sai ruwa yana lasar katako.

Ɗan Birni:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jiri bai kama ka ba?

Dattijo daga Zango:
Ya kama ni a makon farko na aiki, daga nan jiki ya saba.