Kyauta ce ko ciniki? Gurbin New Orleans na 2026

Ɗan Pelicans: Jama'a ku yi haƙuri in amayar da abin da ke cikina. Daren jiya, 25 ga Yunin 2025, a wajen zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar ƙwallon kwando ta NBA a Brooklyn, Joe Dumars, shugaban harkokin wasa na ƙungiyarmu ta New Orleans Pelicans, ya ɗauki gurbinmu na zaɓe a zagayen farko na 2026, babu kariya ko ta anini, wato babu sharaɗin mu riƙe shi in ya faɗa sama, ya haɗa da gurbi na 23, ya miƙa wa Atlanta don kawai ya matso zuwa na 13 ya ɗauki Derik Queen. Ƙungiyar da ta ci wasa 21 ta sha kashi 61 ce fa ta yi wannan aikin. Kuma gurbin na shekarar da ake jiran manyan matasa ne, irin su AJ Dybantsa da Darryn Peterson da Cameron Boozer. Wallahi kyauta aka yi da gurbin nan. Wanda ya ga hikima a ciki ya nuna mini.

Dogon Zariya: Kyauta kuma? Malam gyara bakinka. Kyauta ita ce ka ba da abu ka tafi hannu rabbana. Ku kun tafi da yaron da yake cin maki 16.5 yana cafe ƙwallo 9 daga kwando a kowane wasa, a shekararsa ta farko a jami'ar Maryland. Shi aka ba gwarzon sabbin shiga na rukunin jami'o'in Big Ten, kuma shi ya jefa ƙwallon ƙarshe da ta kori Colorado State a gasar jami'o'i ta watan Maris. Ka ce an saya da tsada, na yarda. Kyauta dai a'a.

Autan Lakers: Idan mutum ya biya dubu goma a kan kayan dubu biyu, sauran dubu takwas ɗin mene ne sunansu in ba kyauta ba?

Dogon Zariya: Sunansu tsada. Ƙanena, ka bari manya su gama.

Hajiya Mai Lissafi: Ku duka kun bar inda ciwon yake. Ba gurbin New Orleans kaɗai Atlanta ta karɓa ba. Abin da aka rubuta shi ne wanda ya fi kyau tsakanin na New Orleans da na Milwaukee, domin New Orleans na da haƙƙin musayar gurbi da Milwaukee Bucks a 2026 tun cinikin Jrue Holiday na 2020. Ke nan Atlanta na riƙe da igiya biyu. In Zion Williamson, tauraron New Orleans, ya sake zama a benci kamar bana da ya buga wasa 30 kacal, sun ci. In Milwaukee ta durƙushe, ga Lillard kwance da tsinkewar agara, nan ma sun ci. Wanda ya fi muni a cikin biyun kuma Milwaukee zai koma, ba New Orleans ba. Ƙari a kan haka, shi gurbi na 23 ɗin ma sayen sa aka yi. Ana tsakiyar wasannin ƙarshe na cin kofi New Orleans ta mayar wa Indiana gurbinta na 2026 ta karɓi na 23, bayan kwanaki kaɗan agarar Haliburton, tauraron Indiana, ta tsinke a wasa na bakwai. Ƙungiyar da ke da gurbi biyu a zagayen farko na 2026 ta wayi gari ba ta da ko ɗaya.

Dogon Zariya: Hajiya, duk wannan bayanin ya nuna caca ce. Caca daban, kyauta daban. Mai caca yana fatan ci.

Baba Celtics: Ni bashi zan kira shi. Manomi ne ya sayar da gero tun yana ganye, bai san yadda damina za ta kaya ba. Brooklyn ta yi irin wannan a 2013: ta karɓi Garnett da Pierce da Terry daga Boston Celtics, ta ba da gurbin 2014 da 2016 da 2018 da musayar 2017. Na 2016 ya zama na uku, Jaylen Brown. Musayar 2017 ta zama ta ɗaya, Danny Ainge, shugaban harkokin wasa na Boston a lokacin, ya sauka zuwa na uku ya ɗauki Tatum, ya bar wa Philadelphia Markelle Fultz, har ya karɓi ƙarin gurbi a kai. Kofin 2024 daga can aka fara ƙera shi.

Autan Lakers: Na san sai an kawo Boston. Ko maganar kifi ake yi, Baba sai ya ce Ainge ne ya kama shi.

Baba Celtics: Kofi 18. Ka ƙirga naku ka dawo.

Ɗan Pelicans: Don Allah ni tambayata ita ce me ya hana a sa kariya.

Hajiya Mai Lissafi: Ita ce tambayar ma. Ga yadda aka saba yi. Mai bayarwa yana cewa in gurbin ya faɗa cikin huɗun farko, ko takwas, ko goma, ko dukkan 14 na ƙuri'ar da ake jefawa don tsara gurbin ƙungiyoyin da suka gaza, to ya zauna a hannuna, bashin ya koma shekara mai zuwa, ko ya rikiɗe ya zama gurbin zagaye na biyu. Philadelphia ta bana misali ce a fili: Oklahoma na bin ta gurbi tun cinikin Al Horford, amma da kariyar shidan farko. Ƙuri'a ta ba su na uku, suka riƙe abinsu suka ɗauki VJ Edgecombe. Shi kansa gurbi na 13 da ake wa wannan rigima na Sacramento ne, daga cinikin Kevin Huerter, kariyarsa ta tsaya a 12. Taki ɗaya ya raba. Inda kariya ke kawo matsala shi ne dokar Stepien, wadda ta hana ƙungiya ta rasa gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. In bashi yana ta gangarawa daga shekara zuwa shekara, sai ya ɗaure maka hannu, ba ka iya sayar da na shekarun da ke kusa da shi, ga shi kuma ba a sayar da gurbin da ya wuce shekara bakwai. Shi ya sa wasu shugabanni suke gwammace su biya sau ɗaya su huta. Amma masu neman kofi ke yin haka, ba mai wasa 21 ba.

Dogon Zariya: To ai Houston gurbi biyu ta ba Oklahoma a 2021 don ta ɗauki Sengun a na 16. Yau wa ke cewa kyauta ta yi? Queen irin wannan ɗan wasan ne: ƙafa mai laushi a ƙarƙashin kwando, ido mai ganin abokin wasa, yana tuƙa ƙwallo da kansa daga layin maki uku.

Hajiya Mai Lissafi: Gurbin nan biyu na Detroit da Washington ne, kuma dukkansu da kariya mai kauri. Ka kawo shaidar da ta kayar da kai, Yaya Dogo.

Mai Gadin Kwando: Ku tsaya a kan yaron kaɗan. Tsawonsa ba takalmi ƙafa 6 da inci 9 da ɗoriya, tsallensa a gwajin da ake yi wa sabbin 'yan wasa a Chicago yana cikin na ƙasa-ƙasa. Dogo ne da bai kai ya tare bakin kwando ba, kuma ƙafarsa ba ta kai ta bi gajeru masu gudu ba. Abokan hamayya za su riƙa jawo shi waje da shinge a kowane hari, in ya ja baya a jefa ta kansa, in ya fito a wuce shi. Jifansa na maki uku bai zauna ba tukuna. Sannan ka ajiye shi kusa da Zion, su biyun wuri ɗaya suke so, kusa da kwando, da ƙwallo a hannu. Wa zai buɗe wa wani fili? Shekarunsa ma 20, shekara biyu ya ba Cooper Flagg da aka ɗauka a na ɗaya.

Dogon Zariya: Haka aka ce da Jokic, aka bar shi har na 41 a 2014.

Mai Gadin Kwando: Duk mai jiki da ya iya miƙa ƙwallo sai a ce Jokic. Jokic ya fi shi tsawo, kuma ba a biya gurbin zagayen farko a kansa ba.

Autan Lakers: In kyauta ake nema ta gaskiya, a tambayi Dallas. Luka Doncic a kan Anthony Davis da Max Christie da gurbin 2029 guda ɗaya tal. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Na Dallas Har Abada: Kai yaro kada ka taɓo ni. Wa ke da Flagg yau?

Autan Lakers: Da damar kashi 1.8 cikin ɗari kuka ci ƙuri'ar gurbi na ɗaya. Watanni uku bayan kun ba mu Luka. An biya ku ladan kyautar ne, kowa ya sani.

Hajiya Mai Lissafi: Kowa bai sani ba. Ƙwallaye 14 ake zubawa a na'ura, a zaro huɗu, haɗuwarsu tana ba da lamba 1,001, a raba 1,000 ga ƙungiyoyi 14, wakilansu suna zaune a ɗakin. Tun gyaran 2019 ukun da suka fi lalacewa kashi 14 kowannensu ke da shi, kuma na ƙarshe yana iya zamewa har na biyar. Utah ta ci wasa 17 ta ƙare a na biyar, Washington ta shida, New Orleans da kashi 12.5 ta faɗo ta bakwai ta ɗauki Jeremiah Fears. Atlanta ma da kashi 3 ta samu Risacher a 2024, ban ji an ce an biya ta ladan komai ba.

Dogon Zariya: Madalla! Ke da bakinki kin ce ko ƙungiya ta lalace kashi 14 ne. To ina tabbacin Dybantsa da ake kuka a kai?

Hajiya Mai Lissafi: Ba na ɗaya kaɗai ake tsoro ba. Na takwas ma a shekara mai kyau ya fi tazarar da ke tsakanin 23 da 13. Asa Newell da Atlanta ta ɗauka a na 23 abokin wasan Queen ne a makarantar Montverde, tare da Flagg. Ba daga sama ya faɗo ba.

Na Dallas Har Abada: Ni dai sai Auta ya janye maganar lada.

Autan Lakers: Ka janye Davis daga asibiti tukuna.

Baba Celtics: To, a matsayina na mai kula da zauren nan, ga abin da aka tsayar. Kowa ya amince ba kyauta ba ce, bashi ne, irin na Brooklyn a 2013, kuma an yarda babu wanda ya taɓa cin ribar irin wannan ciniki kamar Boston. Dogo ya kasa kare Queen. Maganar Lakers ba ta da tushe, an yi watsi da ita. A rufe haka.

Mai Gadin Kwando: Baba, wa ya amince? Kai kaɗai ka ce bashi. Kuma Oklahoma ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da gurbi biyar da musaya biyu a kan Paul George a 2019, ɗaya daga ciki ya zama Jalen Williams a na 12, ga kofi a hannunsu makon nan.

Dogon Zariya: Ni ban kasa komai ba. Caca na ce, kuma a kan caca nake.

Ɗan Pelicans: Har yanzu ba wanda ya gaya mini ko Dumars ya nemi kariyar huɗun farko Atlanta ta ƙi, ko bai ma nema ba.

Autan Lakers: Kofi 17 ne namu Baba, saura ɗaya, kuma Luka shekararsa 26.