Shin an ba Joseph Yobo haƙƙinsa a tarihin Super Eagles?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka zauna lissafin manyan 'yan bayan Najeriya, sai a ambaci Stephen Keshi da Uche Okechukwu da Taribo West, ba safai ake sako Joseph Yobo ba, alhali shi ne ɗan Najeriya na farko da ya buga wa ƙasa wasa 100, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Afirka a 2013. Shin mantuwa ce, ko kuwa bai kai su ba ne?

Malam Na-Tudu: Wa alaikumus salam. A ganina rashin hayaniyarsa ce ta jawo masa haka, domin ɗan baya mai natsuwa ba ya ɗaukar ido kamar Taribo mai kitso kala-kala. Daga Standard Liege ta Beljiyam ya koma Marseille, sannan a 2002 ya zama ɗan wasa na farko da koci David Moyes ya ɗauko wa Everton. A kakar 2006/2007 bai rasa ko minti ɗaya ba a gasar Firimiya, wato bai ji raunin da ya zaunar da shi ba, ba a dakatar da shi ba, kuma koci bai ga dalilin sauya shi ba tun daga wasan farko har na ƙarshe. Da ya tafi Fenerbahce aro a 2010, a kakar farko suka lashe gasar Turkiyya. Matasa kuma ba su san cewa a gasar duniya ta 2002 ta gefen dama yake buga mana ba, kuma shi ne ya yanko ƙwallon da Julius Aghahowa ya sa wa kai a ragar Suwidin.

Baban Ummi: Malam, ban musanta wannan ba, amma a riƙa faɗin kofin 2013 yadda yake. Keshi, wanda shi ne koci a lokacin, ya fi dogara da Godfrey Oboabona da Kenneth Omeruo a tsakiyar baya, Yobo kuwa daga benci ya kalli mafi yawan wasannin, har wasan ƙarshe da Burkina Faso ma sai dab da tashi aka sako shi, bayan Sunday Mba ya riga ya ci. Sannan mutane da abin ƙarshe suke tunawa, shi kuma wasansa na ƙarshe shi ne na Faransa a gasar duniya ta 2014, inda ya ci gida aka tashi 2-0.

Malam Na-Tudu: Ai kafin wannan cin gidan Pogba ya riga ya ci, lokaci kuma ya ƙure, saboda haka ba shi ne ya fitar da mu ba. Zaman bencin ma ni a wajensa nake lissafa shi, domin kyaftin da aka ajiye saboda yara biyu, ya ci gaba da riƙe 'yan wasa ba tare da sansani ya rabu biyu ba, ya yi abin da manyan 'yan wasanmu da yawa suka kasa.

Ɗan Fagge: Na gode muku. Ni dai zan sa shi bayan Keshi da Okechukwu, amma gaban Taribo, duk da cewa Taribo ya buga wa Inter da AC Milan.