Don Allah wane suna za mu ba abin rufe hanci da bakin nan? Gobe da safe za mu naɗa

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a, ku taimaka min lokaci ya ƙure min. An kawo mana sanarwar wayar da kai ta minti biyu da za mu naɗa gobe ƙarfe takwas na safe, a kan sabuwar shawarar sa abin rufe hanci da baki saboda cutar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ranar 5 ga Yunin nan na 2020. Na fassara komai lafiya lau, sunan abin ne kawai ya maƙale min. Na rubuta takunkumi, ogana ya ja masa layi da jan biro wai shi ba zai sa wa masu sauraronsa takunkumi ba don ba jakuna ba ne. Kuma abin ma kashi uku ne a takardar, akwai na ma'aikatan lafiya mai lamba N95, akwai shuɗin nan na asibiti da ake sawa sau ɗaya a yar, sai na yadi da tela ke ɗinkawa ana wankewa. Ina son sunan da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane ba sai jikanta ya yi mata tafinta ba.

Ɗan Adaidaita: Fes mas mana yaya, meye abin wahala. Mu tun kafin korona muke sawa saboda ƙura da hayaƙi lokacin hunturu, ba wanda ya taɓa tambayar mu sunansa na Hausa

Mai Fassara: Fes mas a cikin gari ne ƙanena. Tasharmu ana jin ta har ƙauyukan da ba a san fes ba balle mas.

Baba Mai Ritaya: Ku yaran yanzu kuna da abu a gida kuna nema a dawa. Amawali. Ɓangaren rawanin da ake jawowa a rufe baki da hanci, sarakai da malamai suna yi tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro wannan ƙyallen. Ki rubuta amawali ki huta.

Nas: Baba a gafarce ni, kalmar tana da daɗi amma ina jin tsoron ta. Ranar da aka ce a rediyo kowa ya sa amawali, duk mai rawani zai ja nasa ya ce ya bi doka. Haka muke fama da mata a wurin aiki, sai ki ce hajiya ina abin rufe hancinki ta nuna miki niƙabi, alhali niƙabin falle ɗaya ne kuma ƙasansa a sake yake iska na shiga tana fita yadda ta ga dama. Sannan mata ba sa naɗa rawani, to su me za su ji an ce musu?

Baba Mai Ritaya: To 'yata, na ji wannan. Amma dai ya fi na jaki.

Malamin Nahawu: Bari in sa baki. Ogan naki yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Takunkumi a asalinsa abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki don kada ta yi ɓarna a gona ko ta yi cizo, haka yake a ƙamusun Bargery tun 1934. Ba mu rasa hanyar ƙirƙira ba a harshen nan. Muna da ɗafin ma- na sunan kayan aiki: buɗe mabuɗi, tsefe matsefi, duba madubi, rufe marufi. Menene aikin wannan abu? Tace iska. Saboda haka mataci. MATACIN NUMFASHI. Jam'insa matatan numfashi. Na riga na fara amfani da shi da ɗalibaina kuma sun karɓa.

Ɗan Adaidaita: Sun karɓa ko dai suna tsoron jarabawa malam 😂

'Yar Zariya: Ni safar baki na ji wasu na cewa, tunda muna da safar hannu da safar ƙafa

Tela a Kwari: Safa ai zura abu ake a cikinta hajiya. In kika ce safar baki ni abin da ke zuwa min a rai an cusa wa mutum safa a baki. Ni dai masu kawo min ɗinki kashi biyu ne, masu cewa fes mas da masu cewa takunkumi, tun watan Afrilu da aka kulle Kano ban huta ba kuma ko mutum ɗaya bai taɓa ce min ɗinka min mataci ba.

Malamin Nahawu: Saboda ba a koya musu ba ne. Wa ya san kalmar matatar mai kafin a gina ta Kaduna a riƙa faɗa a labarai? Aikin rediyo ne ya gyara bakin jama'a, ba ya bi kasuwa ba.

Mai Fassara: Allah gafarta malam, na gwada faɗar taka da ƙarfi yanzu a ɗaki. Matacin numfashi, matacin numfashi. Wallahi in mai karantawa ya yi sauri kuma rediyon na shuu, mataccen numfashi za a ji. A garin da aka yi ta jana'iza wata biyu da suka wuce ba zan iya sa wannan a iska ba.

Malamin Nahawu: Wannan laifin mai karantawa ne ba na kalma ba. Mataci wasalinsa dogo ne kuma c ɗaya ce, matacce gajere ne da c biyu. Duk Bahaushen kirki zai bambance.

Ɗan Maraɗi: Malam duk Bahaushen kirki kuma? To mu nan wajenmu bavet munka fi ji, daga Faransanci, wasu su ce kashine. Amma ku 'yan Najeriya in kun zauna kun yanke kalma sai ku ce ita ce Hausa, kamar mu ba mu sha ta a nono ba. Tashoshinku muna jin su nan sarai, ku riƙa tunawa da mu.

Malamin Nahawu: Ba wanda ya raina ku, amma daidaitacciyar Hausa an san inda aka ɗora ta.

Basakkwace: Ga ta nan kuma, Kananci ya tashi. Wanga zance shi ne ka hana mu ci gaba. Mu da munka rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami tun zamanin Shehu sai yau a ce muna jiran Kano ta ba mu sunan ƙyalle

Ɗan Zongo: Mu a Kumasi nos mas kowa ke cewa, har limamin unguwa. Ku gama faɗan ku aiko mana

'Yar Zariya: Ni abin da ke ba ni mamaki, Turawan da kansu kalmar da suke amfani da ita ai ita ce ta abin da dodo ko ɗan fashi ke rufe fuska da shi, kuma likitocinsu ba su ce an zage su ba. Mu ne kullum kalma sai ta yi wanka ta sa turare

Malamin Nahawu: Don su ba su damu da mutuncin harshensu ba sai mu ma mu zubar da namu? Wannan ita ce matsalarmu, an raina Hausa har ana ganin duk abin da aka jefo mata ya isa. Harshen da ake koyarwa a jami'o'in Turai da Amurka da Sin.

Baba Mai Ritaya: Malam a nan kam zan saɓa maka duk da ni ma ba na son takunkumin. Jirgi fa kwalekwale ne a ruwa, da na ƙasa ya iso Kano a 1911 ba a kira taron masana ba, mutane suka ce jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama. Shi kansa takunkumin ai ya daɗe da barin bakin jaki, kullum muna ji a labarai Amurka ta ƙaƙaba wa Iran takunkumi, ba wanda ya ce an mai da Iraniyawa dabbobi. Sannan dokar kulle da muke ciki, kulle ai na matan aure ne, ga mu da gemunmu an ce muna kulle mun yi shiru. Killacewa ma haka.

Ɗan Adaidaita: Baba ya kashe baki wallahi

Malamin Nahawu: Misalin Iran ma ni yake goya wa baya. Takunkumi hukunci ne, abu ne da ake ƙaƙaba maka don ka yi laifi. Tun da Shugaba Buhari ya ce daga 4 ga Mayu dole a sa a bainar jama'a mutane ke kallon sa a matsayin tilas, shi ya sa za ka ga mutum ya rataye shi a haɓa sai ya hango jami'an tsaro ya ja sama. Kalmar tana da hannu a wannan.

Nas: Wannan maganar ta malam akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ban taɓa kallon ta haka ba. Amma don Allah ku bar ni in koma kan abin da baiwar Allah ta tambaya, don awa biyu ke nan ana kan suna ɗaya ita kuma uku take nema. Bambancin shi ne mai muhimmanci. N95 an yi shi ne ya manne da fuska ba ƙofa, lambar tana nufin yana tare aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, wannan a bar wa masu kula da marasa lafiya don ba ya isar mu. Shuɗin na asibiti Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi dacewa da wanda ya kai shekara 60 ko mai wata cuta a jiki kamar suga da hawan jini in zai shiga inda ba a iya ba da tazara, da kuma wanda ke da alamun cutar. Ba a wanke shi, in ya jiƙe ko ya yi datti an gama da shi. Na ga wani a unguwarmu ya wanke guda biyar ya shanya a igiya kamar kayan jarirai. Na yadi shi ne na kowa da kowa. Kuma ki saka cewa mai ɗan maɓallin nan a gefe da samari ke yayi, numfashinka yake fitarwa ba tacewa, wato kai ka tsira na kusa da kai ya shaƙa.

Tela a Kwari: Anti nas, falle ukun da ake faɗa fa? Ni atamfa nake sawa waje da shafi na farin yadi a ciki, biyu ke nan.

Nas: Uku suka ce. Na ciki mai taɓa fuska ya zama auduga mai shan danshi, na waje wanda ba ya shan ruwa irin yadin roba-roba, na tsakiya kuma wanda ba saƙa shi aka yi ba, irin na jakunkunan nan da ake rabawa a biki. Ka guji yadi mai talewa, in ya miƙe ramukansa buɗewa suke.

Tela a Kwari: To na gane, na tsakiyan kamar yadda muke sa gam a wuyan riga. Ni gwajina ashana, in ka sa ka hura ta mutu to ya yi shara-shara. Kuma hajiya mai fassara ki rubuta falle, kada ki ce ninki, in kika ce ninki uku wani zai ɗauko ƙyalle ɗaya ya ninka.

Mai Fassara: Allah ya saka, falle ya shiga. Yanzu saura na sawa sau ɗaya da na wankewa, kowanne in na fassara sai ya ci min daƙiƙa biyar.

Ɗan Adaidaita: Sa-ka-yar da wanke-ka-sa

'Yar Zariya: Kai!! wannan yaron ashe kana da kai

Basakkwace: Wanga kam ya zauna, ko mu mun yarda

Malamin Nahawu: Ginin ya halatta, irin su faɗi-ka-mutu ne. Ba ni da ja a kan wannan. Sai dai a ce mataci sa-ka-yar.

Nas: Malam ba ya gajiya. Yaya ki ƙara wankin a ciki: kullum a wanke da sabulu da ruwan zafi, su sun ce digiri 60, amma wa ke da ma'auni a gida, ki ce ruwan da hannu ba ya iya jurewa. In da ruwan sanyi aka wanke a tafasa shi minti ɗaya. A shanya ya bushe sarai. In za a cire a kama robar kunne kada a taɓa gaban, a wanke hannu, kuma ba a aro ko tsakanin miji da mata. Mutum ya mallaki biyu, ɗaya a fuska ɗaya a igiya. Jarirai kuma kada a sa musu ko kaɗan.

Mai Fassara: To ga abin da na tura wa oga yanzu. A farkon sanarwa sau ɗaya: ƙyallen rufe hanci da baki, wanda aka fi sani da takunkumi. Daga nan takunkumin likitoci, takunkumin asibiti wato sa-ka-yar, takunkumin yadi wato wanke-ka-sa. Na nuna masa ko BBC Hausa takunkumi suke cewa, ya ce shi dai ba zai karanta da bakinsa ba amma ya yarda wata ta karanta. Malam ban watsar da kai ba, na sa jimlar nan: aikinsa shi ne tace numfashi. Kuma saboda maganarka na cire duk inda na rubuta dole ne, na mai da shi ka kare iyalinka. Ɗan Maraɗi ka yi haƙuri bavet bai samu wuri ba, minti biyu ne kacal.

Ɗan Maraɗi: Mun saba. Takunkumin dai muna gane shi, jakai gare mu mu ma

Malamin Nahawu: An ɗauki aikatau an bar suna. Ba komai. Ni a ajina matacin numfashi ne, kuma in aka buɗe makarantu zan kai maganar gaban sashe a rubuce.

Baba Mai Ritaya: In ka kai ka haɗa da amawali, ko a ƙasan shafi ne.

Tela a Kwari: Hajiya ƙarfe nawa za a sa? In kunna wa yarana a shago su ji zancen falle ukun nan, don tun ɗazu nake faɗa musu suna cewa tsada zai yi.

Mai Fassara: Bayan labaran ƙarfe ɗaya in Allah ya yarda, in oga bai sake ɗauko jan biro ba.