Manyan wasanni da kaskin VR a kan Linux: in share Windows ko in dakata?

Ɗan Bukoki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina Yamai. Kwamfutata ta tebur ce: furosesa Intel i7-7700, RAM giga 16, katin hoto GTX 1060 mai giga 6, SSD giga 500, sai wani diski na tera 1 inda wasannina suke. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar furosesar nan. Don haka nake tunanin komawa Linux gaba ɗaya. Abin da na fi bugawa: GTA V, EA Sports FC, Cyberpunk 2077, Red Dead Redemption 2 da Counter-Strike 2. Za su tashi? Na biyu, ina tara kuɗin kaskin VR, wanda ake sawa a kai a ga kamar ana cikin wasan, burina Half-Life: Alyx. Wane kaski ne ke tafiya da Linux ba tare da wahala ba? Masana ku taimaka.

Mai Gyara Yantala

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka haɗa tambaya biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Zan ɗauki ta wasanni, ta kaski akwai waɗanda suka fi ni a nan.

Yawancin manyan wasanni ba a rubuta su don Linux ba. Abin da ke tayar da su shi ne Proton, wanda Valve, mai shagon wasanni na Steam, ta fitar a watan Agusta 2018 tare da kamfanin CodeWeavers, an gina shi a kan Wine, manhajar da ke tayar da kayan Windows a Linux. Tafinta ne kawai. Wasan yana magana da harshen Windows, wato DirectX, katin hoto a Linux kuma Vulkan yake ji. DXVK ke fassara DirectX 9, 10 da 11, VKD3D-Proton ke fassara DirectX 12. Tun da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve, ta fito a Fabrairu 2022, kuma Linux ce a cikinta, kamfanoni da yawa suka fara kula da kada wasansu ya ƙi tashi ta wannan hanya.

Jerinka kuwa ga yadda yake. Counter-Strike 2 yana da nasa na Linux, ba ya buƙatar tafinta. Cyberpunk 2077 da Red Dead Redemption 2 suna tashi da Proton. GTA V, ɓangaren labari yana tafiya lafiya, amma GTA Online an rufe ƙofarsa tun Satumba 2024 da Rockstar, mai wasan, ta saka BattlEye, manhajar hana maguɗi, ba ta kunna shi ga Linux ba. EA Sports FC ka manta da shi, tun FIFA 23 ke nan.

A nan gizo ke saƙa, kuma ba ƙarfin Linux ne ya gaza ba. Manhajojin hana maguɗi na wasannin intanet suna son zama a can cikin ƙuryar tsarin Windows su ga duk abin da ke motsi. Proton ba shi da wannan ƙurya da zai ba su. Easy Anti-Cheat da BattlEye duka sun buɗe hanya ga Proton tun Satumba 2021, amma sai mai wasan ya yarda ya kunna. Elden Ring sun kunna, yana tafiya. Fortnite sun ƙi. Valorant, PUBG da sababbin Call of Duty ba sa tashi. Abin takaicin ma, wanda ke tafiya yau yana iya mutuwa gobe: League of Legends ya mutu a Linux a 2024 da aka saka masa manhajar hana maguɗi ta Vanguard, Apex Legends ya bi shi kafin shekarar ta ƙare. Ba wani umarni da za ka buga ya gyara wannan, kuma masu ƙoƙarin zagayewa akawun ɗinsu suke jefawa cikin haɗari.

Kafin ka sayi kowane wasa, duba shi a ProtonDB, shafin da ake ba wasanni daraja gwargwadon yadda suke tashi a Linux. Platinum da Gold ka saya hankali kwance, Silver ka karanta abin da masu kati irin naka suka rubuta, Borked ka wuce. Na intanet kuma ka ƙara da shafin Are We Anti-Cheat Yet.

Abin da ya fi damuna a injinka shi ne katin. GTX 1060 yana yin abin kirki a DirectX 11, amma katunan Nvidia na wannan zubi suna shan wuya ƙwarai da VKD3D-Proton. Cyberpunk kuwa DirectX 12 ne zalla, za ka ga ya fi nauyi a kan yadda ka saba. Red Dead yana da Vulkan a cikin saitinsa, ka bar shi a kai. In da hali, kuɗin farko da ka tara kati za su saya, kaski ya jira. RX 6600 na AMD mai giga 8 wat 132 kawai yake ja, direbansa yana cikin Linux da Mesa, tarin direbobin hotonta, tun daga girkawa, ba abin da za ka ƙara.

Shawarata kada ka share Windows. Ka bar mata wuri don ƙwallo da GTA Online, Linux ta ɗauki sauran.

Hajiya Debian

Malam Mai Gyara ya faɗi gaskiya, sai abu ɗaya da ya tsallake, kuma shi ke kayar da sababbin shiga: diskin nan na tera 1. Tabbas NTFS ne, tsarin diski na Windows. Linux tana karanta shi, Steam ma zai ga wasannin, ka danna ya yi kamar zai tashi ya koma shiru. Dalili, Proton yana gina wa kowane wasa ƙaramar Windows ta ƙarya a cikin steamapps/compatdata, da mahaɗai masu suna irin c: da z:, ga kuma maganar izinin fayil da NTFS ba ta yi yadda Linux ke so. Ƙari a kan haka, in Fast Startup na kunne a Windows, ba ta sakin diskin da kyau lokacin kashewa, sai Linux ta buɗe shi don karatu kawai. Ka yanka wa Linux nata ɓangare na ext4, tsarin diskinta, wasanninta su zauna can.

Steam kuma, in Linux ta Ubuntu ka girka, guji ƙunshin girkawa na Snap, ɗauki na deb. In wasa ya ƙi tashi, sa PROTON_LOG=1 %command% a zaɓin tayarwa, za ka tarar da fayil steam- da lambar wasan a jakarka ta home a Linux. Shi za ka kawo mana, ba "ya ƙi yi" kawai ba.

Injiniya na Tawa

Gaisuwa daga Tawa. Maganar kaski, ɗan'uwa, gara ka ji ta tun yanzu: VR a Linux yana aiki, amma bai kai santsin wasannin allo ba, ko kusa. SteamVR, manhajar Valve ta tafiyar da kaski, ya zo Linux tun 2017, Alyx ya fito a Maris 2020, bayan wata biyu aka ba shi na Linux da Vulkan. Duk da haka har yau akwai abubuwan da na Windows ke yi da na Linux bai iya ba.

Abin da ya sa VR ba ya yafiya shi ne lokaci. A allo, in hotuna suka sauka daga 60 zuwa 45 a daƙiƙa, ka ɗan ji nauyi ka ci gaba. A kaski mai 90, kowane hoto dole ya gama cikin milisakan 11, na ido biyu. In ya makara, kai ka juya kai duniya ba ta juya ba, cikinka ne zai ba ka labari. Maganin da aka yi shi ne a ɗauki tsohon hoto a karkata shi daidai da sabon juyin kai. A SteamVR na Linux wannan dabara ta fi zama daram a katunan AMD, a Nvidia an daɗe ana fama. Katinka kuma shi ne daidai mafi ƙarancin abin da Alyx ke nema, GTX 1060 ko RX 580 da RAM giga 12. Kana bakin layi tun kafin a cire kuɗin tafinta.

Hanya biyu ce. Ta farko kaski mai waya, Valve Index na 2019 ko tsohon HTC Vive. Index yana son DisplayPort, USB 3.0 da nasa kuran, ga akwatunan bango biyu masu bin motsi, kowanne da soket ɗinsa. Dole tebur ɗin Linux, wato manhajar da ke zana maka allo, ya iya sakin wannan fita ta hoto ya miƙa wa SteamVR kai tsaye. Tebur ɗin KDE Plasma yana yi a sabon tsarin allo na Wayland, na GNOME sai daga zubi na 47. Steam na Flatpak, ƙunshin da ke killace manhaja a akwati, kada ka gwada da shi, domin SteamVR yana neman izinin fifiko ga manhajar da ke haɗa hoton, akwatin Flatpak kuma ba ya bari. Cikakken saitinsa dala 999 aka sa masa, ka ƙara kuɗin kawowa, kuma in wayarsa ta lalace ba za ka same ta a Katako ba. Ni ban ga dalilinsa a ƙasar nan ba.

Ta biyu Quest na Meta: Quest 2 na 2020, Quest 3 na 2023, ko 3S na 2024 da ya fito a dala 299. Manhajar Link ta Meta Windows kawai take yi, don haka a Linux ALVR ko WiVRn ake amfani da su, manhajojin aika hoton kwamfuta zuwa kaski ta wifi. ALVR yana jingina da SteamVR. WiVRn ya zagaye shi gaba ɗaya, an gina shi a kan Monado, buɗaɗɗen tsarin OpenXR, wato harshen da wasa ke magana da kaski, da kamfanin Collabora ke jagoranta, sai a haɗa da xrizer ko OpenComposite don wasannin da SteamVR kaɗai suka sani. Ni WiVRn zan ce ka fara da shi. Girka shi a kwamfuta, girka abokinsa a kaski, lambar zubinsu ta zama ɗaya, in sun bambanta ba za su gaisa ba. Buɗe ƙofa 9757 a katangar tsaro, TCP da UDP, da 5353 don kaskin ya gano kwamfutar, avahi kuma, manhajar da ke wannan ganowar, ya kasance a kunne. Allon WiVRn zai nuna maka layin da za ka kwafa cikin zaɓin tayarwa na wasan a Steam. Wanda ya manta wannan layi zai ga wasa ya buɗe a allo, kaski kuwa duhu.

Kwamfuta ta shiga ruta da waya, kaski ya hau wifi na 5 GHz, rutar a ɗaki ɗaya da kai. Bangon siminti yana cinye 5 GHz, 2.4 kuma ba ya ɗaukar wannan kaya. Katin hoto ne ke matse bidiyon kafin a aika, NVENC a Nvidia, VAAPI a AMD. Masu Linux ta Fedora su lura, an cire hanyoyin matse bidiyo na H.264 da HEVC daga Mesa ɗinsu, sai an ɗauko na rumbun RPM Fusion, in ba haka ba aikin ya faɗa kan furosesa hoto ya riƙa tsinkewa.

Beat Saber da VRChat suna tafiya ta Proton. Wasannin da shagon Meta na kwamfuta kaɗai ke sayarwa ba sa yi.

Ɗan Bukoki

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Injiniya, wannan aika hoto ta wifi, ba zai cinye mini forfe ba? Kuma na ji Valve na da sabon kaski mai Linux a ciki, in jira shi?

Injiniya na Tawa

Ko mega ɗaya ba ya ci. Hoton daga kwamfuta zuwa ruta zuwa kaski yake tafiya, bai fita gidanka ba, ko an cire layin intanet zai yi. Ranar farko ce kawai Quest ke son intanet da akawun na Meta.

Sabon kaskin Steam Frame ne, an sanar da shi a Nuwamba 2025 tare da sabuwar Steam Machine, kwamfutar wasa ta Valve. SteamOS ne a ciki, wato Linux ɗin Valve, a kan furosesa Snapdragon 8 Gen 3 da RAM giga 16, da wani tafinta mai suna FEX da ke juya wasannin kwamfuta zuwa ARM, irin furosesar da ke cikinsa. Shi ne babban abin da masu Linux ke sa rai da shi, don yanzu dole Valve ta gyara SteamVR na Linux tunda kayanta a kai suke. Amma mun ga Steam Machine ta farko a 2015 yadda ta ƙare ba ta samu kasuwa ba, kuma masu Linux a ƙidayar Steam sai a Oktoba 2025 suka haura 3 cikin 100. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Canja katin tukuna, zai yi maka amfani ko wane kaski ka saya daga baya.

Mai Gyara Yantala

Tunda an taɓo forfe, ga inda yake zuba da gaske. Kada ka sake sauke wasannin. Red Dead kaɗai giga 150 yake nema, Cyberpunk 70. Kwafe jakar wasan daga steamapps/common zuwa sabon ɓangaren ext4, tare da fayil ɗinsa na appmanifest mai ƙarewa da .acf, ka rufe Steam ka buɗe, ka sa ya tantance fayiloli. Abin da ya ɓace kawai zai sauke. Counter-Strike 2 zai ɗauko ɓangarensa na Linux, sauran yana nan. In abokinka na da wasan da kai ma ka saya, ku haɗa kwamfutocin a ruta ɗaya, Steam zai ja daga wurinsa. Sannan ka shiga saitin saukewa ka kashe Shader Pre-Caching, shi ne ke sauke ɗaruruwan mega a ɓoye kusan duk lokacin da wasa ko direba ya sabunta. Wasan zai ɗan yi tuntuɓe a mintunan farko, daga nan ya daidaita.

Kuran kuma, in ya ɗauke kaski na kanka, Quest ba zai mutu ba don yana da batir na awa biyu ko fiye kaɗan, amma kwamfuta da ruta za su tafi. Ondule mai 650 VA bai wuce wat 390 na gaske ba, injinka a tsakiyar wasa yana iya kai wat 250, mintuna kaɗan ne. Nemi 1000 VA ko sama, ka sa rutar a kai ita ma. Wasu akwatunan wuta na kwamfuta ba sa shiri da ƙananan ondule masu kuran mai kusurwa, suna mutuwa daidai lokacin sauyawa, don haka gwada shi da wasa a kunne kafin ka biya.

Zafin Afrilu da Mayu kuwa, girka MangoHud ka riƙa ganin ma'auni a gefen allo. In katin ya kai wajen digiri 83 zai rage gudu da kansa, kai kuma ka ɗora wa Linux laifi. Bayan hunturu buɗe akwatin ka hure ƙura, ka riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su. Kaskin kuma kada ka ajiye shi gilasansa na kallon taga, rana tana bi ta cikinsu ta ƙone allon, kuma wannan tabo ba ya gyaruwa.