Kyanwa ta dame ni da yakushi, in sa a cire mata farata?

Uwargidan Birni:
Assalamu alaikum. Mun ajiye kyanwa saboda ɓeraye, tana kuwa aikinta, sai dai ta yage gidan sauro, matasan fata ma duk ta karce su. An ce ana iya cire mata farata dungum. Ana yi a nan Damagaram? Ba ya cutar da ita?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kar a yi. Farcen kyanwa daga cikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, don haka ba a raba ta da shi sai an datse wannan gaɓar a kowane yatsa. A kan yatsun nan kuma take takawa. Takunta sai ya sauya, ciwon ya kai har baya. In aka bar guntun ƙashi, farce kan sake tsirowa a karkace cikin nama, ya yi ruwa. Wata ta koma cizo, wata ta daina kashi a yashi saboda tonon yana mata zafi. Shi ya sa ƙasashen Turai da dama suka hana, jihar Niyok ta Amurka ma ta hana a 2019. Balle kyanwar da ke yawo a unguwa: in kare ya biyo ta, da me za ta hau katanga?

Yankewa ita ce magani, duk sati biyu ko uku. Ki bari sai ta ƙoshi tana gyangyaɗi, ki matsa tafin ƙafar a hankali, farcen zai fito. Ki duba shi a haske, za ki ga wani ja-ja a ciki. Jijiya da jini ne, kar ki kusance shi. Tsinin kawai za ki datse, kamar milimita biyu, da abin yanke farce mai kaifi, don dakusasshe tsaga farcen yake yi. Biyar ne a kowace ƙafar gaba, har da na gefe wanda ba ya taɓa ƙasa. Shi ake yawan mantawa, ya lanƙwashe ya shige nama. In jini ya fito, ki danna garin fulawa a wurin. Kada ki ba ta farasitamol ko kaɗan, kashe kyanwa yake yi.

Malam na Zango:
Hajiya, ba ta'adi take yi ba. Tsohon ɓawon farce take cirewa, tana miƙa, tana kuma barin ƙamshin tafinta a wurin. Ba za ta bari ba, sai dai a sauya mata wuri. A sami ice mai tsawon santimita 80 zuwa mita ɗaya, a naɗe shi tam da igiyar rama ko ta kaba, a kafa shi yadda ba zai girgiza ba. In ya motsa sau ɗaya, ta guje shi ke nan. A ajiye shi daf da matasan da take karcewa, su kuma a rufe su na 'yan makonni. Gidan sauro a naɗe shi sama da safe.

Uwargidan Birni:
Allah ya saka da alheri. Na baya ma in yanke?

Likitan Dabbobi:
Ba dole ba ne, huɗu-huɗu ne kuma yawo yana cinye su. Tunda tana fita tana farauta, na gaban ma tsinin kaɗai ki taɓa.