Wuƙa mai haƙora ko mai miƙaƙƙen baki? Don Allah ku ba ni shawara

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina 'yar sana'a a gida, burodi da ƙwai da safe, da yamma kuma taliya da miya. Wuƙaƙen da nake aiki da su cikin kayan kicin ɗin aurena suka zo, saiti ne, ƙanwar mahaifiyata ta saya, shi ya sa ban son rabuwa da su. Ɗaya ta ɓace ranar sunan 'yan biyu, gida cike da mutane, ban zargi kowa ba amma na san inda ta shiga. Mai haƙoran ce na fi ji da ita, ita nake yanka komai da ita. Da ta fara dakushewa sai na ba mai wasa wuƙa da ke yawo a unguwarmu, ya ɗora ta a kan injinsa, ya dawo mini da ita rabin haƙoran sun tafi. Yanzu burodi take latsewa, tumatir sai ya fashe. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Wacce zan saya?

Ɗan Fawa: Wa alaikumus salam. Hajiya, sayi mai miƙaƙƙen baki ki huta. Mai haƙora zarto ce, yage abu take yi. Ki je kowace mahauta ki duba, ba za ki ga mai haƙora a hannun mahauci ba. Ki sami ta maƙera wadda aka ƙera da sifirin mota, da dutsen wasawa, shi ke nan.

Uwargida Sarauniya: Ta maƙera tana tsatsa fa Malam. Na yanka albasa da ita sai ga baƙi-baƙi a jiki, maigida ya ƙi cin abincin, har yau ana yi mini gori. Mu da muke fama da yaran da ke jiƙa wuƙa a ruwan wanke-wanke su tafi makaranta.

Ɗan Fawa: Wannan laifin mai wuƙa ne. A wanke, a goge, a shafa ɗan mai.

Anti Mai Kek: 'Yar uwa, burodi kike sayarwa, kada ki bari a ruɗe ki. Haƙoran ne ke fara huda ɓawon ba sai kin danna ba, haka ma fatar tumatir. Kuma tana daɗewa tana ci, saboda tsinin haƙoran ne ke bugun faranti, lungunan da ke tsakani ba sa taɓa komai. Matsalarta wasawa. Yawancinsu gefe ɗaya aka fere, kuma da siririn ƙarfe mai zagaye ake bin lungu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗora taki a inji bai san aikinsa ba.

Maman 'Yan Biyu: Shi ne nake cewa Anti. Ni mai haƙoran ba ta taɓa ba ni matsala ba, har nama ina yankawa da ita.

Ɗan Fawa: Nama? Ai sai ya fito kamar kare ya yaga. Kuma ranar da za a yanka kaza a gidanki fa? Annabi (SAW) ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Mai haƙora azaba ce ga dabba.

Maman 'Yan Biyu: Malam ni ba na yanka kaza, a kasuwa ake gyaro mini.

Malama Ƙarama: Tambaya ɗaya, a kan me kike yanka?

Maman 'Yan Biyu: A tiren silba, albasa da kuɓewa kuma a hannu. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu.

Malama Ƙarama: To ga matsalar nan. Tire ne ke cinye bakin wuƙa, kowace iri ce. Ki sayi katakon yanka tukuna. Kuma mai haƙora a tafin hannu haɗari ce, in ta kama yatsa ciwon ba ya haɗewa da wuri. In kin ɗauki miƙaƙƙiya, ki kifa kofin tangaran, zoben gindin nan da ba shi da sheƙi ya isa ki ɗan goga ta.

Maman 'Yan Biyu: Katako yana riƙe warin albasa, kuma kicin ɗina ba fili.

Uwargida Sarauniya: Wallahi gidajen hayar nan, kicin ko juyawa ba ka iya yi, ga kuɗin haya kullum ƙaruwa. Namu mai gidan ko famfo ya ƙi gyarawa.

Anti Mai Kek: Ki sayi mai haƙoran, ki bai wa mai wasa tsohuwar ya ƙarasa share haƙoran ta koma miƙaƙƙiya. Kin ga kin sami biyu.

Ɗan Fawa: Ƙarfen saitin aure ba ya riƙe kaifi, ɓata kuɗi ne. Na gaya miki abin da za ki saya.

Maman 'Yan Biyu: Na gode duka. Amma wancan mutumin ba zan sake ba shi wuƙata ba. Ina ake samun siririn ƙarfen da Anti ta ce? Ko za a iya dawo da haƙoran da suka tafi?

Uwargida Sarauniya: Ni ma ina jira in ji.